Ƙauyukan da Suka Koma Sifili

A bazarar shekarar dubu biyu da goma, Zuliha Alkasum ce ke riƙe da alƙaluman wata ƙungiyar manoma a Damagaram. Ilimin noma ta karanto a Yamai, ta dawo gida Birni wurin mahaifiyarta. Kullum da safe takan ratso lungunan yashi da ƙafa har bakin titi, sannan ta hau kabu-kabu zuwa biro, wato ofishinsu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana a wurin aiki. Abokan aikinta sun san in ta ce a'a ba ta ɗaga murya, sai dai ta yi ta maimaitawa a hankali har mutum ya gaji.

Daminar da ta wuce ta ɗauke tun gero bai gama fid da kai ba. Kafin zafi ya kankama rumbuna sun yi fayau. Mutanen ƙauye suka cinye ɗan abin da suka girba, suka juya kan irin da suka ɓoye don shuka, shi ma suka daka. Maza suka bazama Kano da Agadas neman abin kaiwa baki, mata kuwa suna jiƙa 'ya'yan anza har ɗacin ya fita, su dafa wa yara. Zuliha ta ga duk wannan da idonta, domin ita ta zagaya ƙauyukan Tirmini da na Guna tare da ma'aikatan gona lokacin da ake auna abin da aka girba.

Babban biron ƙungiyar da ke Yamai ya samo irin gero da na wake, amma bai kai a ba kowa ba. Sai aka aiko da tablo, wato jadawali na ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa: kowane ƙauye da layinsa, a rubuta yawan mutanensa, da hatsin da suke buƙata a shekara, da wanda suka girba. A gida na ƙarshe akwai formil, wato lissafin da na'ura ke yi da kanta, wanda zai jera ƙauyukan daga wanda ya fi shiga uku zuwa wanda ya fi dama-dama. Na sama su samu iri, inda buhuna suka ƙare a ja layi.

Ordinater ɗin Zuliha tsohuwa ce, mai ƙaton kai, kuma manhajar lissafin da ke cikinta ta tsohon yayi ce. Ta gama shigar da alƙaluman ƙauyuka, ta duba gidan ƙarshe, sai ta ga babu lamba ko ɗaya. Daga sama har ƙasa abu guda ne a rubuce: #NOM?. Ta san ma'anarsa. Na'urar na cewa akwai wata kalma a cikin formil ɗin da ba ta taɓa ji ba.

Ta kwafe tablon a ɗan kile, abin ajiyar bayanai da ake sokawa a jikin na'ura, ta kai wa shugaban biron, Mushe Suma'ila. Shi tsohon malamin lekol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, mutum mai tsabta da son a yi abu kan lokaci, kuma an ba shi sabuwar ordinater ta hannu a watan da ya wuce. Ya soka kilen, ya buɗe. Gidan ƙarshe ya cika da lambobi tsaf, babu kuskure ko guda.

"Kin gani, Madam Zuliha? Injinki ne ya tsufa," in ji shi. "Bari in fitar a takarda ki sa hannu. Gobe da safe kwamitin jiha zai zauna, kamiyo, motocin ɗaukar irin, kuma suna hanya."

Ya fitar da takardar, ya miƙa mata tare da alƙalami. Ta karanta daga sama, ta gangara. A can ƙasa, bayan layin da aka ja, ta ga ƙauyuka tara a jere, kowanne da sifili a gabansa. Sifili yana nufin ba su da giɓi ko kaɗan. A cikinsu har da ƙauyen Malam Illa na ƙasar Tirmini, dattijon da ya kama hannun ma'aikacin gona ya shigar da shi cikin rumbunsa don ya ga ko ɓera ya daina zuwa.

Ta ajiye alƙalamin a kan tebur.

"Shef, ba zan sa hannu a wannan ba."

"Saboda me?"

"Waɗannan taran na je su. Wasunsu ko damin gero ɗaya ba su ɗaure ba."

"To, ke kika shigar da alƙaluman. In akwai kuskure, naki ne."

"Mai yiwuwa nawa ne. Shi ya sa ba zan sa hannu ba sai na gan shi."

Mushe Suma'ila ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne, kuma Zuliha ta sani. Tsoronsa a fili yake: in jerin Damagaram bai shiga taron gobe ba, za a juya kamiyon zuwa wata jiha, a rasa duka. Ya ce mata tana da daga yanzu zuwa la'asar, ya ɗauki ordinater ɗinsa ya fita wani taro.

Ta koma kan tsohuwar na'urarta. Zargin farko da ya zo mata shi ne na waƙafi da ɗigo. Na'urorinsu na Faransanci da waƙafi suke raba lamba da ɓurɓushinta, wasu ma'aikatan gona kuwa da suka saba da na Ingilishi sukan buga ɗigo, sai na'ura ta ɗauki lambar a matsayin rubutu. Ta bi layukan tara ɗaya bayan ɗaya. A biyu ta samu ɗigon, ta gyara. Sauran bakwai lafiyarsu lau. Gidan ƙarshe kuma bai motsa ba, #NOM? na nan daga sama har ƙasa.

Ana cikin haka kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Fanka ta tsaya, allon ya mutu, zafi ya sauko ɗakin kamar an kife tukunya. Ta fita ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar biron, ta zauna a benci tana fifita da kwali. Tunanin da ya dame ta shi ne ko ita ce ta makance. Sabuwar na'ura ta ba da lamba, tsohuwa ta ba da kuskure. Kowa ya ji labarin, da sabuwar zai yarda. Amma ta tuna ƙurar da ke ƙasan rumbun Malam Illa, ta ji ranta ya tsaya wuri guda.

Da wuta ta dawo bayan azahar, ta danna kan gidan ƙarshe ta karanta formil ɗin harafi bayan harafi. A ciki akwai lissafi mai sauƙi: buƙata a raba da girbi. Amma an naɗe shi cikin wata baƙuwar kalma ta Ingilishi mai wasu haruffa marasa ma'ana a gabanta, daga ƙarshe kuma an sa sifili. Ta yi kwafin tablon don kada ta ɓata na asali, ta cire baƙuwar kalmar da sifilinta, ta bar lissafin tsirara, ta ja shi har ƙasa.

Lambobi suka fito. Ta gwada su da takardar Mushe Suma'ila, suka yi daidai layi bayan layi. Ƙauyuka biyun da ta gyara wa ɗigo suka tashi daga sifili suka hau sama. Bakwai ɗin nan kuwa suka nuna wani sabon kuskure: #DIV/0!. Ta duba gidan girbinsu. Sifili ne a duka bakwai. Ba su girbi komai ba, kuma ba a raba lamba da sifili.

Ta ɗauki waya ta kira Idirisu, injiniyan babban biro wanda ya tsara tablon. Tare suka yi karatu a Yamai, ba su da nauyin baki da juna.

"Idirisu, wace kalma ce ka naɗe formil ɗin ƙarshe da ita? Injina bai san ta ba."

"Ai ba zai san ta ba, sai sabon yayi. A na Faransanci SIERREUR ake kiranta. Tana cewa in lissafi ya ci karo da kuskure, a rubuta sifili a madadinsa. Na sa ta ne don layukan da ba a cika ba su daina ɓata tablo."

"To ƙauyen da ya girbi sifili fa?"

Tana jin ƙarar fankarsa ta cikin waya.

"Inna lillahi," in ji shi a hankali. "Ban kawo a raina za a samu ƙauyen da bai girbi komai ba. Nawa ne a wurinku?"

"Bakwai. Da wasu biyu da ɗigo ya kayar, su ma kalmarka ta haɗiye su."

Nan take suka zauna kan gyara, shi a can, ita a nan. Ita ta ce a juya lissafin: a cire girbi daga buƙata, a raba da buƙata. Shi ya ce haka ya fi, domin buƙata ba ta zama sifili matuƙar akwai mutane a ƙauye, kuma tsohuwar manhaja da sabuwa duk sun san wannan. Ya ƙara da cewa ta bar kuskure ya riƙa fitowa fili, kada ta rufe shi da komai. Ya gwada a tasa, ta gwada a tata, suka karanta wa juna lambobin, suka zo ɗaya. Ƙauyuka bakwai suka hau can sama da giɓi ɗari bisa ɗari.

"Yanzu sai ka faɗa wa manya," in ji ta.

"Zan faɗa. Amma ki sani, Zuliha, tablon nan an riga an amince da shi, an aika wa masu ba da irin. An hana kowa taɓa formil. Abin da za su ce shi ne a bar su zuwa zagaye na biyu."

"Akwai zagaye na biyu?"

"Ana fata."

"Ruwan shuka ba ya jiran fata, Idirisu."

Abin da ya faɗa kuwa shi ya faru. Da la'asar Mushe Suma'ila ya dawo, an riga an kira shi daga Yamai. Ya saurari bayaninta har ƙarshe, ya duba takardun biyu, ya gyaɗa kai. Ya yarda lissafinta ne daidai. Amma ya ce umarni umarni ne: tsohon jeri za a kai, a rubuta wasiƙa daga baya.

"Ki sa hannu, Madam. Ni zan ɗauki nauyin."

"Ba zan sa ba, Shef."

"To zan sa a madadinki."

"Wannan kai ka sani. Amma ina faɗa maka tun yanzu, don kada ka ce na zagaye ka: gobe zan shiga taron da takardun nan biyu, kuma in an karanta tsohon jeri zan miƙe."

"Ba a gayyace ki ki yi magana ba."

"Na sani."

"Kin san wa'adin aikinki na ƙarewa bayan damina?"

"Na sani, Shef."

Ya tattara takardunsa ya fita.

Akwai abin da Zuliha ta gani a sabon jerin da ba ta faɗa wa kowa ba. Buhunan iri ba su ƙaru ba. Tara sun hau, dole tara su sauka ƙasan layi, kuma cikin masu saukar har da ƙauyen su mahaifiyarta a ƙasar Mirya, inda Kawu Dodo, ƙanen mahaifiyar, yake noma. Magana ba ta kwana a biro. Direban ƙungiya ɗan can ne, shi ya kai wa Kawu labari, kuma da ta iso gida kafin magariba ta tarar da takalman Kawu a ƙofar ɗakin Inna. Dama yana cikin gari tun safe, ya kawo akuyarsa ta ƙarshe kasuwa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

"An ce sunanmu na cikin takarda, ke kika fitar da shi."

"Ba ni na fitar ba, Kawu. Akwai waɗanda suka fi ku rasawa, na'ura ta ɓoye su, na fito da su."

"Mu ba mu rasa ba ke nan? Ki je ki leƙa rumbuna. Abin da na girba bai kai mu sallar layya ba."

"Na sani. Ku kun girbi kaɗan. Su ba su kai lauje gona ba."

"Da kin yi shiru, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Inna tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Kawu Dodo ya ce shi ya goya Zuliha a wuyansa zuwa kallon kokawa tana ƙarama, shi ya sayar da rago aka sai mata littattafan lise, wato sakandare. Duk gaskiya ne, kuma kowace kalma ta soke ta. Idonta ya kawo ruwa, ta bar shi ya zubo, ba ta share ba. Amma da ya tambaye ta a karo na ƙarshe ko za ta bar takardar yadda take, ta ce, "Ka yi haƙuri, Kawu. Ba zan bari ba." Ya tashi ya sa takalmansa. Inna ta ce ya tsaya ya ci tuwo, ya ce ya ƙoshi.

Washegari ɗakin taron ya cika: magadan gari na karkara, wakilan sarakuna, ma'aikatan gona, mutanen ƙungiyoyi. Zuliha ta zauna a kujerar baya da takardunta a cinya. Da aka zo kan iri, Mushe Suma'ila ya miƙe ya karanta tsohon jeri da muryarsa ta malamin lekol. Bai dubi inda take ba. Yana zama ta tashi.

Shugaban taron ya dube ta ta saman tabarau ya tambayi ko ita wace ce. Ta faɗi sunanta da aikinta. Ya ce ba ta cikin masu magana. Ta ce haka ne, amma gurbin sa hannunta ne a ƙasan takardar da aka karanta, kuma ba hannunta ne a ciki ba, tana roƙon a ji dalili. Wani ya ce ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta dafa bayan kujerar gabanta.

Ba ta yi maganar formil da Faransanci ba. Da Hausa ta ce: na'ura tana auna yunwar ƙauye ne da abin da ya girba, in ƙauye bai girbi komai ba sai lissafin ya tsaya, sabuwar manhaja kuma an umarce ta in lissafi ya tsaya ta rubuta sifili, sifili kuwa a wannan takarda na nufin ƙoshi. Sannan ta karanta sunayen ƙauyukan tara.

Tana kai na huɗu wani magajin gari na karkara ya miƙe, ya ce wannan ƙauyen a ƙasarsa yake, kuma shekaranjiya ya je jana'izar yaro a can. Ɗakin ya ruɗe. Waɗanda ƙauyukansu za su sauka suka fara magana a lokaci guda. Shugaban taron ya buga tebur, ya juya wurin Mushe Suma'ila ya tambaye shi kai tsaye: wanne jeri ne daidai?

Mushe Suma'ila ya miƙe a hankali. Ya gyara hularsa.

"Nata ne daidai," in ji shi. "Wanda na karanta shi aka umarce ni in kawo."

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. A ƙarshe kwamitin ya ce sabon jeri za a bi, amma a rage mudu a kason kowane gida don layin ya ɗan sauka ƙasa. Da haka huɗu daga cikin taran da suka fita suka dawo. Ƙauyen Kawu Dodo ba ya cikinsu.

Idirisu bai tsaya a kan Damagaram ba. Ya buɗe tablon sauran jihohin da ƙungiyar ke aiki, ya samu irin wannan sifilin a biyu daga cikinsu, ya rubuta wa manyansa da sunansa. A ɗaya an gyara kafin kamiyo su tashi. A ɗayar an riga an raba.

Irin ya isa ƙasar Tirmini ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka. Zuliha ta bi kamiyon. Malam Illa bai san komai game da abin da ya faru a ɗakin taro ba, kuma ba ta faɗa masa ba. Ya buɗe bakin buhu, ya ɗebi gero a tafin hannu, ya ciza ƙwaya ɗaya, ya ce irin ƙasar nan ne, zai yi. Sannan ya shiga faɗa da mai awo a kan yadda yake share bakin tiya.

Daga Yamai aka aiko mata da takardar gargaɗi saboda taɓa formil ba da izini ba da yin magana a taro ba da yawun ƙungiya ba. Mushe Suma'ila ya miƙa mata ita da hannunsa, ya ce in ta rubuta 'yan layuka na ban haƙuri zai kai da kansa, kuma yana ganin za a bar maganar. Ta gode masa. Ta ce in akwai lambar da ta rubuta ba daidai ba a nuna mata, za ta ba da haƙuri a kanta. Ban da wannan ba ta da abin rubutawa. Da damina ta ƙare ba a sabunta aikinta ba.

Kawu Dodo ya ci bashin iri a wurin wani ɗan kasuwar Mirya ya shuka rabin gonarsa. Zuliha ta aika masa da buhun wake daga albashinta na ƙarshe, ya karɓa, amma bai aiko da godiya ba, kuma ya shekara bai taka gidansu na Birni ba. Inna ce kaɗai ke zuwa can, ta dawo ta ce yana lafiya.

Bayan kaka Zuliha ta samu koyarwa a wata ƙaramar makarantar horar da ma'aikatan gona da ke bayan gari. Albashin bai kai na da ba, ɗakin karatun kuma na'urori shida ne, babu biyu masu yayi ɗaya. Ranar farko ɗalibai suka yi ƙorafin cewa abin da ya fito a allon wannan ba shi ne a allon wancan ba. Ta ce su ja kujeru su zauna bibbiyu, kowa ya karanta wa maƙwabcinsa formil ɗinsa da baki, daga nan za su fara.